Rigimar ginin Opera na Sidni: Utzon, Hughes, da mutumin da finafinai suke tsallakewa

A 1968 tashar BBC ta haska wani fim mai suna Autopsy on a Dream, wani matashi dan Ostireliya ne ya hada shi, John Weiley, kuma wanda ya bashi aikin shine David Attenborough, eh wannan dai da duniya ta sani da shirin namun daji, lokacin shi ke rike da BBC2. Fim ne akan ginin gidan Opera na Sidni wanda a lokacin ko rabin cikinsa ba'a gama ba, kuma bai ragawa kowa ba, ya caccaki yan siyasar jihar ya caccaki kasar gaba daya akan yadda suka kori wanda ya zana ginin. Sau daya tak aka nuna shi aka lalata shi, shekara arba'in da doriya kowa na ganin ya tafi kenan, sai daga baya aka tsinci kwafinsa a ma'ajiyar BBC hoto ne kawai ba murya, aka gyara sautin aka sake nunawa a 2013 lokacin da ginin ya cika shekara 40 da budewa. A 1998 kuma Daryl Dellora yayi nasa, The Edge of the Possible, inda ya samu shi kanshi Jørn Utzon, wanda ya zana ginin, yayi magana gaban kyamara bayan shekaru yana gudun yan jarida. Duka biyun finafinai ne masu taba zuciya kuma bana jayayya da su akan cewa an zalunci Utzon, an zalunce shi kam. Abinda yake damuna shine yadda idan ka gama kallo kake tashi da mutum biyu kawai a kai, mai baiwa da azzalumin minista, alhali rigimar ta fara tun kafin ministan ya hau kujera, kuma akwai mutum na uku da aka dorawa kayan ya dauka har suka karya shi.

Bari mu dauko daga farko. Gwamnatin jihar New South Wales, inda Sidni take, karkashin firimiya (shugaban gwamnatin jihar) Joseph Cahill na jam'iyyar Labor ta bude gasar zane ta duniya, ana son gini a Bennelong Point, wani dan tsinin kasa da ya shiga cikin ruwa wanda a da garejin motocin taragu ne na cikin gari. Sharadin shine zaure biyu, babba mai daukar mutum 3,000 zuwa 3,500 da karami mai daukar kamar 1,200. Zane 233 suka shigo daga kasashe 32, ranar 29 ga Janairu 1957 aka sanar cewa wani dan Denmak mai shekara 38 ne yaci, kyautar fam 5,000. Utzon bai taba taka Ostireliya ba lokacin da yayi zanen, kuma abinda ya turo yafi kama da hoton tunani akan takardar da dan kwangila zai bude ya fara aiki, babu wani injiniya da ya tabbatar masa rufin nan mai kama da filafilan jirgin ruwa zai iya tsayawa. Alkalan gasar sun san da haka, sun zabe shi ne saboda kyawun tunanin, kuma gaskiya sunyi daidai.

Akwai abu daya a zanen da ya kamata mai karatu ya rike, domin shine zai dawo ya zama wuka bayan shekara tara. Yawancin wadanda suka shiga gasar sun jera zaurukan ne daya bayan daya, shi kuwa Utzon sai ya ajiye su kafada da kafada akan wani katon dandamali, kowanne da nasa rufin. A ido babu abinda ya kai wannan kyau, amma filin siriri ne, don haka kowanne zaure ya matse, babu fili a gefen dandamalin wasa na dama da hagu inda gidajen opera suke ajiye kayan ado na fage su turo su idan za'a canza fitowa. Opera dama wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waka tare da tawagar makada, kayan fagensa kuwa manya ne. Maganin da Utzon ya kawo shine a rika dago kayan daga kasa da manyan injinan lif, har aka bawa wani kamfanin Ostiriya, Waagner-Biro, kwangilar kera su. Kuma babban zauren ana so yayi aiki biyu, yau opera gobe kidan makada zalla.

Sai gaggawa ta shigo. Cahill yana tsoron idan aka tsaya jira gwamnati zata iya canzawa ko ra'ayin jama'a ya juya a binne maganar, don haka ya matsa lallai a fara, ranar 2 ga Maris 1959 aka sa hannu a aiki alhali ba wanda ya san yadda za'a gina rufin balle nauyinsa. Kiyasin da aka fadawa jama'a fam miliyan 3.5 ne, wato dalar Ostireliya miliyan 7, kuma wai za'a bude ranar 26 ga Janairu 1963. Wannan adadin ba daga cikakken zane aka ciro shi ba don babu cikakken zanen, amma shi jama'a suka rike, duk karin da ya biyo baya da shi ake auna shi ana cewa an ninka kaza. Cahill ya rasu a watan Oktoban 1959, wata bakwai da fara aikin, ya tafi ya bar Utzon ba uban gida. Ni a nan nake ganin aka shuka rigimar, ba'a fafe gora ranar tafiya, kuma sakamakon bai jima ba ya fito, da aka gano ainihin rufin sai ya zama ginshikan da aka riga aka zuba bazasu dauke shi ba, dole aka farfasa su aka sake. Duk da haka sai ka tsaya ka tambayi kanka, da Cahill baiyi wannan gaggawar ba anya da akwai ginin a yau? Zai yi wuya. To ka ga tun daga tushe abin da ya haifi ginin shine kuma ya jikkata shi, irin wannan kuwa fim baya son sa saboda babu wanda zaka nuna da yatsa.

Maganar rufin ita ce bangaren da kowa yake jin dadin bayarwa kuma ta cancanta. Injiniyoyin kamfanin Ove Arup a Landan sun shafe shekaru suna gwada siffa bayan siffa, sama da goma, har da kwamfutocin farko-farko na wancan zamanin, matsalar itace a zanen asali kowanne bangare na rufin lankwasarsa daban, ma'ana kowanne sai an masa nasa katakon zubi, kudin da lokacin ba mai iya dauka. A karshen 1961 aka samu mafita, a yanko duka bangarorin daga jikin kwallo daya mai fadin kamar mita 75 daga tsakiya zuwa baki, kamar yadda zaka yanka bawon lemo daya gida-gida kowanne yanki lankwasarsa iri daya. Da wannan sai aka iya zuba hakarkarin kankare a kasa cikin mazubi kadan ana maimaitawa, sama da guda 2,000, kamfanin Hornibrook ya rika dagawa yana jerawa yana daure su da wayoyin karfe. Tayil din da aka lullube shi da su daga kamfanin Höganäs na Suwidin suka zo, guda 1,056,006, wasu farare masu sheki wasu ruwan madara marasa sheki, kuma ba'a sama aka rika manna su daya-daya ba, a kasa ake kife su cikin mazubi a zuba kankare a bayansu su fito faranti guda sannan a daga. Abin lura anan, wannan ma ai sassauci ne. Rufin da Utzon yaci gasa da shi kwantacce ne mai laushin lankwasa, wanda aka gina kuwa ya mike yayi tsini, ya canza zanensa saboda injiniya da kudi sun ce haka, kuma ginin ya kara kyau. Don haka masu cewa Utzon mutum ne da baya sassautawa basu yi masa adalci ba, yana sassautawa idan da hujjar aiki akazo masa.

A 1963 ya tattaro iyalinsa ya dawo Sidni da zama don ya fuskanci cikin ginin. Tun a lokacin gwamnatin Labor an fara zaman doya da manja tsakaninsa da ma'aikatar ayyuka akan biyan kudi da kuma wa zai bada kwangila, wannan ma finafinai basu cika tsayawa akai ba. Sai zaben watan Mayun 1965 ya kawo Robert Askin kujerar firimiya, wanda dama yayi kamfe da tsadar ginin, ya nada Davis Hughes ministan ayyuka.

Ga inda abin ya cije, kuma anan nake so a dan zauna. Utzon yana so yayi silin din zaurukan da wasu manyan bangarori na filawud masu lankwasa da za'a rataya a karkashin rufin, da kuma firam din bangon gilashi shima na filawud, kuma salon aikinsa shine baya zana abu na karshe sai ya gina samfurinsa da cikakken girma ya gani ya taba ya gwada, haka yayi da tayil haka yayi da hakarkarin rufi kuma ya ci nasara. Kamfani daya yake ganin zai iya wannan aikin a Sidni, na Ralph Symonds, don sune suke iya yin filawud mai tsawon da ake bukata. Shi kuma Hughes yace kudin gwamnati ne, ka'ida itace a kawo cikakken zane a buga tanda kowa ya nema, baza'a dauki aiki a mikawa kamfani daya ba, balle kamfanin da yake fama da matsalar kudi. Utzon yace bazan iya baka zane ba sai nayi samfuri, Hughes yace bazan baka kudin samfuri ba sai naga zane. Shikenan aka kulle, kowa ya rike nasa. Idan ka cire sunaye ka kalli maganar tsurarta kowannensu yana da gaskiya, duk akitek din da ya taba aikin gwamnati ya san wannan takaddamar, sabon abu baya shiga fom din tanda cikin sauki, shi kuma mai rike da baitulmali ana tambayarsa a majalisa. Wuri ne da mutum biyu masu niyyar gama aiki zasu iya zama su raba, a bada kudin samfuri kadan da wa'adi, in yayi a cigaba in baiyi ba a canza hanya. Ana cikin haka kuma sai rahoton injiniyoyin Arup na Sidni ya fito yana shakkar tsarin silin din ta bangaren nauyi, wannan ya bawa ministan makami, Utzon kuma ya dauke shi a matsayin cin amana daga mutanen da suka kwana suka tashi tare akan rufin, amincinsa da Ove Arup mai kamfanin bai sake komawa daidai ba.

Inda Hughes ya fita daga gaskiya ya koma zalunci shine da ya mayar da hakkin mutum abin matsa masa. Ya rike kudin aikin da Utzon yake bi, har da wajen fam 51,000 na aikin da yayi akan injinan fage, mutum yana da ofis da ma'aikata yana biyan albashi a kasar da ba tasa ba. Wannan ba tattalin dukiyar jama'a bane, shake wuya ne don mutum ya gaji ya tafi da kafarsa. Ranar 28 ga Fabrairu 1966, sati biyu kacal bayan kasar ta bar fam ta koma dala, suka yi wani gajeren zama aka tashi baram-baram, bayan yan awanni Utzon ya aiko da wasika cewa an tilasta masa barin aikin. Mutane da yawa da suka san shi suna ganin barazana yayi, yana zaton za'a biyo shi da lallashi tunda a ganinsa ba mai iya karasa ginin sai shi, shi kuwa Hughes ko kwana wasikar bata yi ba ya karba ya sanar wa yan jarida. Ranar 3 ga Maris mutane kusan 1,000 suka yi tattaki zuwa majalisar jihar, akitek Harry Seidler da marubuci Patrick White suna gaba, dalibai dauke da kwalaye suna cewa a dawo da Utzon. Tayin da Hughes yayi masa shine ya dawo a matsayin mai kula da zane kawai a karkashin wani kwamiti, ba shi da ikon sa ido akan ginin, Utzon yace a'a. Karshen watan Afrilu ya hau jirgi da iyalinsa, bai sake taka kasar ba har ya mutu.

Yawanci anan fim yake kaiwa kololuwa, a nuna jirgi ya tashi a saka kida mai sosa rai, abinda ya biyo baya a dunkule shi cikin minti biyar. Amma ai gini yana nan tsaye, kwarangwal ne ba ciki, an kashe kusan dala miliyan 23, wani dole ya shiga ya karasa. Wanda aka samu shine Peter Hall, dan shekara 34 daga ofishin akitek na gwamnati, tare da Lionel Todd da David Littlemore, shi Hall shine mai zane. Mutum ne mai ganin girman Utzon, ya taba zuwa har Denmak ya gana da shi, kuma bai karbi aikin ba sai da ya tabbatar Utzon bazai dawo ba. Duk da haka abokan sana'arsa da yawa suka juya masa baya, aka shafa masa bakin fentin maci amana tun kafin ya ja layi daya. Ya shigo yana zaton zai tarar da zane kammalalle ya bi kawai, sai ya tarar ba haka bane, abinda ke akwai bai kai a bawa dan kwangila ba, dama ai rigimar kenan.

Sannan ga matsalar da na ce a rike. Hukumar ABC ta rediyo da talabijin din Ostireliya, wadda a lokacin itace mai tawagar makadan Sidni kuma babbar mai hayar zauren, ta tsaya akan tana son kujeru 2,800 da sauti mai dadewa a daki kamar dakika biyu, irin wanda kidan makada zalla yake so. Opera kuwa tana son sautin da bai kai haka dadewa ba don a ji kalmomin mawaka, tana son hasumiyar sama da fage inda ake rataye labule da kaya, ita kuma wannan hasumiyar tana cinye sararin da sautin yake bukata. Duka wannan a cikin rufi mai tsini da aka riga aka gina wanda baza ka kara masa ko taku daya ba. Utzon ya dade yana kokawa da wannan lissafin shi da masana sauti, magoya bayansa har gobe suna cewa ya kusa warware shi, wasu suna cewa kujerun bazasu taba shiga ba, kuma tunda ba'a bari ya gina samfurin ba an rufe kofar da za'a tabbatar. Hall ya zagaya manyan zauruka a kasashen waje ya dawo da shawara mai daci, a cire opera daga babban zaure gaba daya ya zama na kida kawai, a mayar da opera karamin zaure. A 1967 gwamnati ta amince. Injinan nan na Ostiriya da aka riga aka kera aka kawo, aka kwance su aka zubar da mafi yawansu. Gidan da sunansa gidan Opera ya koma yana yin opera a dakin da aka tsara don wasan kwaikwayo, kujeru 1,500 da yan kai, ramin makada matsattse har makadan suna korafin karar tana musu illa a kunne, gefen fage kuwa ba wajen juyawa.

Wannan hukuncin shine ake jifan Hall da shi, ni kuma shi yasa nake ganin labarinsa yafi na kowa dacewa da fim akan sassauci. Utzon ya samu zabi mai tsafta, ko a bani iko ko na tafi, ya tafi da mutuncinsa kuma tarihi ya wanke shi. Hughes yana da kujera da dokar tanda a bayansa. Hall kuwa gaba kura baya sayaki, rufin wani, bukatar wani, kudin wani, kuma duk abinda ya zaba akwai wanda zai ce ya bata. Ya zauna shekara bakwai yana warware abubuwan da ba wanda zai yaba masa, yadda za'a rataya bangon gilashin nan na bangaren ruwa a bakin rufi mai lankwasa, yadda za'a cusa kujeru kusan 2,700 har a zagaye bayan makada, silin din katako, kujerun kansu. Miliyoyin mutanen da suke shiga ginin suna daga kai suna mamaki, rabin abinda suke gani a ciki aikinsa ne kuma basu san sunansa ba. Ba ina cewa cikin ya kai wajen ba, bai kai ba, wanda ya ga hotunan samfurin silin din Utzon mai kama da igiyar ruwa zai ji zafin abinda aka rasa. Amma bambanci ne babba tsakanin ace aikin mutum bai kai na gwani ba da ace maci amana ne. Hall ya rasu a 1995 yana da shekara 64, kamfaninsa ya durkushe, bashi da shaye-shaye sun cinye shi.

Maganar kudi kuwa, wadda da ita aka kori Utzon, lissafin da kansa yana magana. Dandamalin kasa ya ci kamar dala miliyan 5.5, rufin da ake cewa shine hauka kamar miliyan 12.5, kashi na uku da akayi bayan tafiyarsa shi kadai miliyan 56.5, jimillar komai har da sauran kashe-kashe miliyan 102, aka bude ranar 20 ga Oktoba 1973, shekara goma bayan ranar da aka yi alkawari. Adalci shine a tuna cewa cikin gini dama yafi tsada, ga hauhawar farashi na wadannan shekarun, ga sauya tsari da aka yi a tsakiya, amma duk yadda ka juya shi gwamnatin da tazo da sunan tsuke bakin aljihu ta kashe sama da ninki uku na abinda aka kashe kafin ta, kuma kudin samfurin filawud din da aka hana ko kusa da wannan bai kai ba. Galibin kudin ma daga cacar lotiri ta jiha aka tara su. Sarauniya Elizabeth ta biyu ce ta bude, kuma a jawaban ranar ba'a ambaci sunan Utzon ba, wannan kam rashin kunya ne da ba shi da wani uzuri.

Shi dai ya cigaba da aikinsa, cocin Bagsværd a Denmak, majalisar dokokin Kuwait, gidansa a tsibirin Mayoka na Sifen. A 1999 hukumar gidan Opera ta nemi sulhu ya amince, yana daga gida dansa Jan yana zirga-zirga, tare da wani akitek na Sidni Richard Johnson, suka rubuta ka'idojin da duk wani gyara na gaba zai bi. Abin da ya burge ni a wannan matakin shine dattijon bai ce a rushe duk abinda aka yi bayansa a koma zanen 1966 ba, ya karbi ginin a yadda ya same shi ya dora daga nan, wanda shima wani sassaucin ne da ba'a cika magana akai ba. A 2003 aka bashi kyautar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini, a 2004 aka bude daki daya da aka gyara bisa zanensa aka sa masa sunansa, shine kadai cikin ginin da yake nasa tsantsa, a 2007 UNESCO ta saka ginin cikin kayan tarihin duniya yana raye, ya rasu a watan Nuwamban 2008 yana da shekara 90.

Da zan samu mai shirya fim ya saurare ni da nace ya fara labarinsa daga ranar da jirgin Utzon ya tashi, ya bi Hall zuwa cikin wannan kwarangwal din, ya nuna zaman da aka yanke hukuncin zubar da injinan, ya nuna mutumin ABC da yake kirga kujeru shima yana da tawagar da zai ciyar, ya nuna injiniyan Arup da ya zauna bai bi Utzon ba saboda yana ganin barin rufi a rataye ba amana bace. Daliban zane da suke kallon wadannan finafinan yawancinsu ba matsayin Utzon zasu tsinci kansu ba idan suka fara aiki, matsayin Hall zasu tsinci kansu, aikin da wani ya fara, mai gini da ya canza ra'ayi, kudin da bai isa ba, kuma babu wanda yake nuna musu yadda ake yin wannan da kyau ko kuma nawa yake ci a jikin mutum.

Ginin kuma har yanzu ana biyan bashin wancan lokacin. A 2017 aka rufe zauren opera, wanda yanzu ake kira da sunan mawakiyar opera Joan Sutherland, na kusan wata bakwai aka canza injinan fagensa aka dan gyara ramin makada. Babban zauren kida aka rufe shi a 2020 aka bude a watan Yulin 2022, aka cire zobban roba da suka dade a rataye saman makada aka saka sababbin faifan mayar da sauti, aka dan sauke fagen makadan kasa, aka gyara bangon katako, kuma makadan da suka shekara suna korafin basa jin junansu sunce yanzu suna ji. Fadin zauren opera kuwa ba abinda za'a iya yi masa, rufin da ke kansa shine iyakarsa, don haka har yau idan aka dauko babban wasa daga wani gidan sai an rage kayan fagen kafin su shiga.